Ali Saibu, Janar ɗin da Ya San Lokacin Sauka

Duk inda aka zauna ana lissafin shugabannin Nijar, ko a Yamai ko a Maraɗi ko a tsallaken iyaka can Katsina da Sakkwato, sunayen da ke fara zuwa baki sanannu ne. Za a ce Jori Hamani da ya karɓi 'yancin kai a 1960, a ce Seyni Kunce mai zafin hannu, a ce Bare Mainasara da aka harbe a filin jirgin sama, a ce Baba Tanja mai tazarce. Tsakanin Kunce da Mahaman Usman kuwa akwai shekara biyar da wata biyar da mutane kan tsallake, in ma sun tuna sai su ce ai lokacin Ali Saibu ne, mutumin da ya saki linzami har abubuwa suka lalace. Wannan hukunci ya zauna a zukata har ya zama kamar gaskiyar da ba ta bukatar hujja. Ra'ayina ya saɓa da shi. Abin da ake kira raunin Ali Saibu zaɓi ne da ya yi da idonsa buɗe, a lokacin da takwarorinsa masu kaki a maƙwabta suka zaɓi akasinsa, kuma wannan zaɓi ne ya ba Nijar karon farko da mulki ya tashi daga hannu zuwa hannu ta akwatin zaɓe ba tare da an ji ƙarar bindiga ba.

Kafin a auna mutum sai an san daga inda ya fito. An haifi Ali Saibu ranar 17 ga Yuni 1940 a ƙasar Walam, cikin Zabarmawan arewacin Yamai, yankin da ƙasarsa ba ta da yalwa, samarinsa kuwa sun saba fita neman abinci ko shiga soja. Yana yaro aka kai shi makarantar share fagen soja ta Saint-Louis a Senegal, ya shiga rundunar Faransa, aka tura shi Kamaru inda ya ji rauni a 1960. Da Nijar ta kafa tata rundunar sai ya dawo gida da igiyar saje, ya hau matakai ɗaya bayan ɗaya har ya riƙe rukunin soja a Ngigmi, daga baya a Agadas. Daga Agadas ɗin ne ya taso da dakarunsa zuwa Yamai a watan Afrilu 1974, aka kifar da Jori ranar 15 ga wata. Wato hannunsa dumu-dumu yake cikin juyin mulkin farko na ƙasar. Ya ɗan riƙe ma'aikatar raya karkara, sa'annan ya zama shugaban hafsoshin soja, kujerar da ya zauna a kai fiye da shekara goma a ƙarƙashin shugaban da bai yarda da inuwarsa ba. An yi yunƙurin kifar da Kunce a 1975 da 1976 da 1983, manyan hafsoshi suka ƙare a kurkuku ko gaban bindiga ko gudun hijira, Ali Saibu yana nan a mazauninsa. Wanda ya yi wannan zama ya fita da ransa da igiyarsa ya san yadda ake riƙe sojoji, ya kuma san yadda ake amfani da su. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba.

Kunce ya rasu a wani asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, majalisar ƙoli ta soja ta naɗa Ali Saibu bayan kwana huɗu. Ƙasar da ya gada a tsorace take, kuma aljihunta a bushe. Kuɗin yuraniyom da suka gina manyan gine-ginen Yamai a ƙarshen shekarun 1970 sun ja baya tun farkon shekarun 1980 da farashi ya faɗi a kasuwar duniya. Fari ya cinye dabbobi a 1984, a shekarar ce kuma Najeriya ta rufe iyakokinta har kusan shekara biyu, alhazan Maraɗi da 'yan kasuwar Ƙonni suka ji a jikinsu. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni sun riga sun shigo da sharuɗɗansu na tsuke bakin aljihu. Abin da ya riƙe jama'a shiru a wannan hali shi ne tsoron Kunce da 'yan leƙen asirinsa. Sabon shugaban ya zaɓi sakin mara, abin da aka riƙa kira décrispation da Faransanci har kalmar ta zame masa laƙabi. Ya buɗe ƙofofin kurkuku ga fursunonin siyasa, ya ɗage ɗaurin talala da aka yi wa Jori Hamani, wanda ya tafi Maroko ya rasu a Rabat a watan Afrilu 1989 yana ɗan adam mai 'yanci. Ya kira waɗanda suka gudu su dawo gida. Mutane suka fara magana a fili a tasha da kasuwa ba tare da waiwaye ba.

Kada a ɗauka ya yi wannan ne don yana shirin miƙa mulki. Nufinsa na farko shi ne ya cire kaki ya sa babbar riga ya ci gaba da zama. A 1989 aka kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, aka amince da sabon kundin tsarin mulki a watan Satumba, ranar 10 ga Disamba kuma ya tsaya takara shi kaɗai aka ce ya samu fiye da kashi 99 cikin ɗari. Wannan ita ce Jamhuriya ta Biyu, kuma ba ta bambanta da abin da Eyadema ya gina a Togo ko Musa Tarawore a Mali ba. Da duniya ta tsaya yadda take, da watakila ya shekara ashirin a kan kujerar. Amma wata biyu kacal bayan zaɓen, ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'ar Yamai suka taso za su ƙetare gadar Kennedy su shiga gari don nuna ƙin gyaran ilimi da Bankin Duniya ya ɗaure wa gindi, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, uku suka mutu bisa ƙidayar hukuma, wasu da dama suka jikkata. A watan Mayu aka sake zubar da jini a Cintabaradan. Matasan Abzinawa da suka dawo daga Libiya da Aljeriya bisa gayyatar gwamnati, suka tarar da alkawarin taimako bai cika ba, sun kai hari kan ofisoshin hukuma, sojoji kuwa suka huce a kan farar hula. Gwamnati ta amsa mutuwar gommai, Abzinawa da masu kare haƙƙin ɗan adam suka ce ɗaruruwa ne.

Daga nan guguwa ta taso ta kowane gefe. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN suka haɗa kai suka riƙa tsayar da ƙasa da yajin aiki. Jaridar Haske ta fito a 1990 tana buga abin da a da ba a iya faɗa ko a ɗaki. A Benin taron ƙasa ya riga ya ƙwace iko daga hannun Kereku tun Fabrairu, a watan Yuni kuma shugaban Faransa Mitterrand ya shaida wa shugabannin Afirka a La Baule cewa taimakon Faransa zai riƙa bin sawun dimokuraɗiyya. A tsakiyar Nuwamba 1990 Ali Saibu ya amince da jam'iyyu barkatai, kuma sunayen da suka fito sun nuna harshen da siyasar ƙasar za ta yi magana da shi: Rahama, Tarayya, Nassara, daga baya Zaman Lahiya, ga tsohuwar Sawaba ta Jibo Bakari da ta farfaɗo. Mata ma suka fito kan titi ranar 13 ga Mayu 1991 don an kusa mantawa da su a kwamitin shirya taro, ranar da har yau ake bikinta a matsayin ranar matan Nijar. Ranar 29 ga Yuli 1991 babban taron ƙasa ya buɗe a zauren wasanni na Yamai da wakilai kimanin 1,200, Farfesa Andire Salifu, masanin tarihi ɗan Damagaram, yana jagoranta. Taron ya ayyana kansa a matsayin mai cikakken iko, ya jingine kundin tsarin mulki, ya rusa gwamnati da majalisa, ya riƙa kiran manya suna amsa tambayoyi rediyo yana watsawa har ƙauyuka.

Nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba mutumin da kyau. Janar ne mai riƙe da runduna, ga hafsoshin da ake tona asirinsu a bainar jama'a suna cizon yatsa, jira kawai suke a ce musu su tashi. Shi kuwa ya je gaban taron da ƙafarsa, ya saurari tuhuma daga bakin ɗalibai da 'yan ƙwadago waɗanda shekara biyu kafin nan ba za su iya ɗaga ido su kalle shi ba, ya ɗauki nauyin abin da ya faru a zamaninsa a matsayinsa na shugaba. Wakilai suka yi muhawara kan tsige shi, a ƙarshe suka bar shi a kujerar amma suka kwashe ikon. Da taron ya tashi ranar 3 ga Nuwamba, gwamnati tana hannun firaminista Amadu Shefu, majalisar riƙon ƙwarya tana hannun Andire Salifu, shi kuma an bar masa suna da karɓar baƙi, an kuma haramta masa tsayawa takara. Ya karɓa, ya zauna a haka kusan shekara ɗaya da rabi. An amince da sabon kundi ranar 26 ga Disamba 1992, aka yi zaɓen shugaban ƙasa zagaye biyu a Fabrairu da Maris 1993, Mahaman Usman na CDS-Rahama ya kayar da Tanja Mamadu na MNSD da kimanin kashi 54 cikin ɗari. Jam'iyyar da Ali Saibu ya kafa da hannunsa ce ta faɗi, kuma ranar 16 ga Afrilu 1993 ya miƙa wa ɗan adawar mulki ya tafi gida.

Masu suka za su ce ai dole ce ta sa, kuma dole ba ta cancanci yabo. Baitulmali babu kuɗi, ma'aikata na bin albashi, Faransa ta juya baya, to ina zaɓi a nan? Amsar tana wajen maƙwabta, domin dolen nan ɗaya ce ta same su duka. Musa Tarawore ya fuskanci ɗalibai da 'yan ƙwadago irin na Yamai, ya sa aka harbe fiye da mutum ɗari a titunan Bamako a watan Maris 1991 kafin sojojinsa su kama shi. Eyadema ya bari aka yi taron ƙasa a Lome a daidai lokacin na Yamai, sa'annan a watan Disamba 1991 tankokinsa suka yi luguden wuta a fadar firaministan da taron ya naɗa, ya ci gaba da mulki har mutuwarsa a 2005, ɗansa ya gaje shi. Mobutu ya yi ta wasa da nasa taron a Kinshasa har ya gajiyar da kowa. A Najeriya, wata biyu bayan Ali Saibu ya sauka, Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni. Shi kansa Ali Saibu dama ta zo masa har gida a ƙarshen Fabrairu 1992, da ƙananan sojoji suka yi bore kan albashi, suka kama gidan rediyo, suka tsare Andire Salifu. Mai kwaɗayin dawo da ikonsa ba zai samu ƙofar da ta fi wannan faɗi ba, ga shi kuma mutumin da ya san barikokin ƙasar ciki da waje. Bai shiga ba. Matsin lamba yakan kai shugaba bakin mararraba ne kawai, hanyar da zai bi daga nan tasa ce.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta da amsar da za ta wanke shi. Jinin gadar Kennedy da na Cintabaradan a zamaninsa aka zubar, ƙarƙashin rundunar da ya shekara fiye da goma yana shugabanta. Shi ya gayyato Abzinawan gida, gwamnatinsa ce ta kasa cika musu alkawari, kuma rashin hukunta masu laifi yadda ya kamata ne ya haifar da tawayen da ya ɓarke a arewa daga 1991, wanda bai lafa ba sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Iyayen da suka binne 'ya'yansu ba su da dalilin kiransa mai sassauci, kuma babu marubucin da ke da hurumin yafewa a madadinsu. Abin da za a iya faɗa kawai shi ne yadda ya yi bayan jinin ya zuba. Al'adar masu mulki ita ce kisan farko ya ja na biyu, don wanda ya kashe yana tsoron ranar hisabi, sai ya ƙara ƙanƙame kujera. Ali Saibu ya bi ta wata hanyar: wata tara bayan gadar Kennedy ya buɗe ƙofar jam'iyyu, bayan wata takwas kuma ya bar a kafa zauren da ya san za a tuhume shi a ciki. Laifin yana nan a wuyansa, amma bai ƙara wani a kai don ya ɓoye na farko ba, kuma tarihi ya kamata ya rubuta duka biyun.

Suka ta uku ita ce ta masu kewar Kunce, kuma tana da farin jini a wajen talakawa. Suna cewa a zamanin Kunce ma'aikaci yana zuwa ofis da wuri don bai san ranar da shugaban ƙasa zai faɗo masa ba zato, ɓarawon gwamnati yana tsoro, hatsi yana isa ƙauye, da Ali Saibu ya zo sai kowa ya miƙe ƙafa, cin hanci ya yi yawa. Akwai gaskiya a ciki, domin sakaci ya ƙaru, na kusa da gwamnati sun yi abin da suka ga dama, shugaban kuma ba mai bin diddigin takardu ba ne. Sai dai tsarin da ya dogara ga tsoron mutum ɗaya yakan mutu ranar da aka binne mutumin. Kunce ya bar ladabi, bai bar kotu ko majalisa ko jarida da za su riƙe ladabin bayan ransa ba. Kuma kuɗin da suka sa zamaninsa ya yi armashi sun ƙare tun yana raye. Wanda duk ya gaje shi zai tarar da zaɓi biyu ne, ko ya ninka tsoron ba tare da kuɗin yuraniyom na rufe baki ba, ko ya sassauta ya ɗauki abin da zai biyo baya. Ɓarnar da aka gani a fili a zamanin Ali Saibu, wani ɓangarenta sabo ne, wani kuwa tsoho ne da aka samu bakin faɗarsa.

Saura masu cewa duk wahalar banza ce, tunda Jamhuriya ta Uku ba ta cika shekara uku ba. Gaskiya ne rikicin Mahaman Usman da firaminista Hama Amadu ya tsayar da gwamnati cik, Bare Mainasara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996, masu tsaronsa suka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999, Tanja ya nemi tazarce a 2009 sojoji suka ɗauke shi a Fabrairu 2010, a Yuli 2023 kuma aka sake kifar da zaɓaɓɓen shugaba, Bazum. Amma wannan jerin hujja ce ga Ali Saibu. Yana nuna irin wuyar abin da ya yi a ƙasar da kujera ba ta saba sakin mai ita cikin lalama ba. Bare ya yi alkawarin miƙa mulki, ya tsaya takara, ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya. Tanja, wanda ya ga komai da idonsa a 1991, ya kasa haƙura bayan shekara goma. Ko Kereku da ake yabo ya dawo ta zaɓe a 1996, Sasu Ngeso na Kongo ya dawo da yaƙi a 1997. Ali Saibu bai sake neman kujerar ba, ko ta akwati ko ta bariki. Bayan haka, 'yan siyasar da suka juya ƙasar shekara talatin, su Mahamadu Isufu da Mahaman Usman da Hama Amadu da Bazum, da jam'iyyu da jaridu da ƙungiyoyin da suka tsaya wa tazarce, duk a filin da ya bari aka share suka yi tsiro.

Dalilin da ya sa aka manta da shi ba ɓoyayye ba ne. Mun saba auna shugaba da abin da ya gina ko wanda ya murƙushe, maroƙa kuma ba su da kirarin wanda ya haƙura. Jam'iyyarsa ta koma hannun Tanja ta ci gaba ba tare da shi ba, 'yan taron ƙasa sun ɗauki nasarar tasu ce su kaɗai, sojoji kuwa wasunsu ba su yafe masa barin a ci mutuncin kaki a gaban farar hula ba. Saboda haka babu ɓangaren da ke da ribar tuna shi. Amma taron ƙasa ba ya cin nasara sai mai bindiga ya yarda ya ajiye ta, kamar yadda Lome da Kinshasa suka nuna. Ali Saibu ya rasu a Yamai ranar 31 ga Oktoba 2011 yana da shekara 71, shekara 18 bayan saukarsa, a ƙasarsa, ba a kurkuku ba, ba a gudun hijira ba. Ya shiga siyasa ta juyin mulki, ya kafa jam'iyya ɗaya, an kashe mutane a ƙarƙashinsa, kuma da lokaci ya yi ya sauka. Masu koyar da tarihi a makarantun Nijar da na arewacin Najeriya su faɗa wa yara duka huɗun, kada su tsallake na ƙarshen, don shi ne wanda shugabanninmu suka fi kasa yi.